Tsakanin Laya da Ƙwaya

Idan kaka ta yi, aka ɗaure dammunan hatsi aka kai rumbu, ƙauyukan ƙasar Dakoro sukan koma ga wasan da suka gada tun iyaye, wato kokowa. Daga Kornaka zuwa Birnin Lalle har garuruwan bakin Tarka, da la'asar sakaliya sai a ji ganga ta tashi, jama'a ta kewaye dandali, yara su haye itatuwa. Ɗan kokowa kuwa ba ya shiga fage da ƙwanjinsa kaɗai. Ga kambu a damtse, ga guru a ƙugu, ga layu suna reto a ƙirji, ga yaronsa biye da shi riƙe da gorar rubutu. Ya tsuguna ya ɗebi ƙasa, ya yi tofi, ya watsa gabas da yamma, ya bar abokin karawarsa tsaye har sai ya gama abin da aka umurce shi. Duk wannan a bainar jama'a ake yin sa, kuma da wuya a ji wanda aka kayar ya kai ƙara wai an fi shi laya.

Amma a ce wannan ɗan kokowar, kafin ya fito, ya laɓe bayan darni ya haɗiye ƙwaya biyu ta tiramol da ya saya hannun mai tallar magani. Ko bai san dokar wata hukuma ba, ba zai so a gan shi ba. In an tambaye shi zai musa, makaɗinsa ma ba zai sa wannan cikin kirari ba. To, ina bambancin yake? Da laya da ƙwaya duk neman taimako ne daga wajen jiki, duk kuma tsoron kaye ne ya kawo su. Me ya sa ake baje ɗaya a fili, ake ɓoye ɗayar? Wanda ya ce ai doka ce ta yarda da ɗaya ta hana ɗaya bai amsa ba tukuna, ya dai tura tambayar gaba, domin sai a sake tambayarsa dalilin da ya sa doka ta raba su.

Babu wasan da asirinsa ya tonu a kan wannan al'amari kamar tseren keke na Turai, shi ya sa ya dace a leƙa can kafin a komo gida. Gasar da ta fi kowace suna ita ce Tour de France, zagayen ƙasar Faransa, wadda aka fara a 1903. A zamanin nan mahayan sukan ci kusan kilomita 3,500 cikin mako uku, a zango 21, da hutun kwana biyu kacal. Yawancin zangunan sun fi nisan Dakoro zuwa Maraɗi, wasunsu kuma hawan duwatsu ne da ko mota sai ta yi nishi. Tun a 1924 wasu ƴan'uwa biyu, Henri da Francis Pélissier, suka janye daga tseren suka zauna da ɗan jarida Albert Londres, suka nuna masa hodar iblis da ƙwayoyin da suke tafe da su. A lokacin babu dokar da ta hana. Sai a 1965 Faransa ta kafa doka, kuma da aka fara gwajin fitsarin mahaya a gasar 1966, sai suka sauka suka tura kekunansu da ƙafa don nuna fushinsu. A ganinsu an shiga tsakanin ma'aikaci da kayan aikinsa.

Shekara ɗaya bayan haka, ranar 13 ga Yuli 1967, Tom Simpson, ɗan Ingila wanda ya ci kambin duniya a 1965, yana hawan dutsen Ventoux cikin tsananin zafi sai ya fara tangaɗi ya faɗi. Aka ɗaga shi aka mayar kan keke, ya ɗan taɓa tafiya, ya sake faɗuwa, bai ƙara tashi ba. Yana da shekara 29. An sami ƙwayoyin amfetamin a aljihun rigarsa da kuma cikin jininsa. Jikinsa ya daɗe yana faɗa masa ya tsaya, ƙwaya ce ta toshe masa kunne.

Abin da ya sauya wasan baki ɗaya shi ne EPO. Asalinsa sinadari ne da ƙoda ke fitarwa don ta umurci ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, masu ɗaukar iskar numfashi zuwa ga tsoka. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara sarrafa shi a matsayin magani ga masu ciwon ƙoda da jininsu ya yi ƙaranci. Lafiyayyen mutum in ya yi allurarsa sai ya daɗe bai gaji ba, amma jininsa ya yi kauri kamar kunu, har tsofaffin mahaya sun ba da labarin yadda wasu ke sa agogo ya tashe su tsakar dare su motsa jiki, don gudun kada zuciya ta kasa tura shi suna barci. Ranar 8 ga Yuli 1998, kwana uku kafin a fara gasar, jami'an kwastan suka tsayar da motar Willy Voet, mai kula da mahayan ƙungiyar Festina, a iyakar Faransa da Beljiyam, suka same ta da ɗaruruwan kwalaben EPO da sauran magunguna. Aka kori ƙungiyar daga gasar, kuma wannan abin kunya na daga cikin dalilan kafa hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya, WADA, a 1999. A wannan shekarar ce kuma Lance Armstrong, Ba'amurken da ya warke daga ciwon daji, ya fara cin gasar. Ya ci sau bakwai a jere, har zuwa 2005. A 2012, bayan shaidar tsofaffin abokan ƙungiyarsa goma sha ɗaya, aka ƙwace nasarorin duka, a Janairun 2013 kuma ya amsa laifinsa a talabijin.

A cikin wannan hirar ce ya kawo hujjar da ta fi kowace ƙarfi daga ɓangaren masu shan ƙwaya, kuma bai kamata a yi watsi da ita don kawai daga bakin maƙaryaci ta fito ba. Abin da ya nufa shi ne, zamba ita ce mutum ya sami abin da abokin takararsa ba shi da shi, shi kuwa a zamaninsa kowa na sha, saboda haka filin daidai yake. Alƙaluma ma kamar suna goyon bayansa: daga cikin gurabe 21 na ɗaya da na biyu da na uku a waɗannan shekaru bakwai, 20 na mutanen da aka danganta da ƙwaya ne, har hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ƙi miƙa nasarorin ga kowa, ta bar shekarun babu suna. Idan kowa ya ɗaura laya ba a cuci kowa ba, to in kowa ya yi allura wa aka cuta?

Amsa ta farko tana cikin jinin kansa. A 1997, tun kafin a sami hanyar gano EPO a fitsari, UCI ta ce duk wanda jajayen ƙwayoyin jininsa suka wuce kashi 50 cikin ɗari za a dakatar da shi. Nan take wannan iyaka ta koma abin da kowa ke neman cimma. Mahayin da Allah ya halitta da kashi 42 yana da damar ƙara takwas, wanda aka halitta da kashi 48 kuwa biyu kawai zai iya ƙarawa. Wato wanda ya fi baiwa shi ya fi yin hasara. Haɗa da cewa mai kuɗi shi ke ɗaukar likitan da ya fi iya ɓoye sawu. Gasar ta tashi daga neman wanda ya fi juriya ta koma neman wanda jikinsa ya fi karɓar allura, alhali ƴan kallo a bakin hanya suna tafa wa juriya.

Amsa ta biyu mutum ce, sunansa Christophe Bassons. Yana cikin ƙungiyar Festina, kuma da aka tsare abokan aikinsa, su da kansu suka shaida cewa shi bai sha ba. Saboda haka kalmar nan ta "kowa" ƙarya ce tun daga tushe. A gasar 1999 ya riƙa rubuta ɗan sharhi a jaridar Le Parisien yana cewa al'amura ba su canza ba. Sauran mahaya suka ƙaurace masa, Armstrong ya matso kusa da shi ana cikin tsere ya nuna masa cewa in wasan bai yi masa ba ga hanya nan. Bassons ya bar gasar kafin ta ƙare, a 2001 kuma ya ajiye sana'ar yana da shekara 27, ya koma aikin koyar da wasanni da yaƙi da ƙwaya a ma'aikatar matasa. Ba a san matsayin da zai kai ba da a ce an bar shi ya kara da mutane irinsa, kuma ba za a taɓa sani ba. Wannan rashin sanin shi ne abin da aka sace masa, abin da babu kotun da za ta iya mayar masa.

Duk wanda ya taɓa kai hatsi kasuwa ya san tiya. Manomi ya kawo geronsa, ɗan kasuwa ya fito da tiyar da aka bubbuga gindinta ta ƙara zurfi, sai buhun da ya ba da arba'in bara ya ba da talatin da bakwai bana, alhali geron bai ragu ba. Abin da mai shan ƙwaya ke yi ke nan. Satar nasara guda ƙaramin laifinsa ne. Babban shi ne ya ƙara zurfin tiyar da ake auna kowa da ita, ta yadda mai gaskiya zai kawo irin ƙoƙarinsa na jiya a ce masa bai cika ba. Daga nan zaɓi biyu ya rage masa: ya sha, ko ya tafi gida. Ba banza ba akwai sura sukutum a cikin Alƙur'ani da aka sa wa sunan masu tauye awo, domin wanda ya taɓa ma'auni ya cuci mutanen da bai taɓa gani ba.

A nan laya ta rabu da ƙwaya. Ko laya tana aiki ko ba ta yi, ko ta halatta ko ba ta halatta ba, wannan muhawarar malamai ce, kuma sun daɗe suna yin ta. Abin da ido ke gani shi ne kowace kaka masu layu goma suna shan ƙasa a hannun masu guda ɗaya. Wanda ya shigo fage ba tare da ita ba da jikin ɗan Adam zai kara. In ma ya ga dole ya kwaikwayi abokin karawarsa, abin da zai rasa rago ne ko ƴan kuɗin da zai kai wa mai ba da sa'a, ƙodarsa da hankalinsa suna nan. Sa'an nan laya, da yake a fili take, ta zama wani ɓangare na wasan: tsoratarwa ce, kamar kirari, kamar taƙama. Ƙwaya kuwa amfaninta ya dogara ga ɓoyo, domin ranar da aka sanar da ita a fage tafin zai ragu. Sai dai a kula, suna ba ya tsarkake abu: in aka niƙa tiramol aka zuba cikin gorar rubutu, abin da ke cikin gorar ƙwaya ce ko da wane malami ya yi mata tofi.

Ambaton tiramol a nan ba don kusancinsa da gida kawai ba ne, domin shi ne igiyar da ta ɗaure duwatsun Faransa da gonakin Tarka. Maganin kashe zafin ciwo ne dangin ofiyom, wanda wani kamfanin Jamus ya fara sayarwa a 1977. Mahaya keke sun daɗe suna shan sa a ƙarshen zango don kada su ji raɗaɗin cinya, har UCI ta hana shi lokacin tsere daga watan Maris 2019. A 2022 aka soke matsayi na shida da Nairo Quintana ɗan Kolombiya ya samu a Tour de France saboda an ga maganin a jininsa, ko da yake shi ya musa shan sa, daga farkon 2024 kuma WADA ta haramta shi lokacin gasa a dukan wasanni. Likita yakan ba majinyaci ƙwaya mai miligiram 50, kuma ba a son a wuce 400 a yini. Wadda ke yawo a tiren masu talla a Afirka ta Yamma kuwa akan same ta mai 120 ko 225 ko 250. Ba ta ƙara wa tsoka ƙarfi ko kaɗan. Gajiya ɗan aike ce da jiki ke turowa, ita kuwa ƙwayar tana tare shi ne a zaure ta hana shi isar da saƙo. Abin da ke biyo baya sananne ne a asibitoci: farfaɗiya, da jarabar da ke sa mutum ya kasa tashi da safe sai ya sha.

Masu shan ta a ƙasar Hausa galibinsu ba takobi suke nema ba. Ɗan barema ne da ya karɓi jingar gona lokacin noman farko, ɗan kabu-kabu ne da zai biya mai babur kuɗin yini, ɗan dako ne, mai tura ruwa ne, mai haƙar zinariya ne a daji. A ɗauki misalin jinga. Gonar da aka saba nome ta cikin kwana uku, sai wani saurayi ya gama ta cikin biyu. Mai gona bai tambayi yadda aka yi ba, ya dai gane cewa ashe aikin na kwana biyu ne, baɗi kuma da wannan lissafin zai yi ciniki. Dattijon da ke noma da fura da goro kawai ya zama malalaci ba tare da ya rage ko kunya ɗaya ba. Haka abin yake a tseren keke. Armstrong ne ake tunawa, amma mafi yawan waɗanda suka yi allura ƙananan mahaya ne, masu tare wa shugabansu iska da ɗauko masa gorar ruwa daga mota, waɗanda ba su taɓa mafarkin cin gasa ba. Burinsu kawai a sabunta masu kwangila a ƙarshen shekara. Abin da ake kira matsin neman nasara, in aka tone shi, yawancinsa tsoron a bar mutum a baya ne.

Shi ya sa hukunta mai sha kaɗai bai gamsar ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamfanin da ke zuba kuɗi don a ga sunansa a rigar wanda ya zo na ɗaya, da shugaban ƙungiyar da ke cewa sakamako yake so ba bayani ba, da ɗan kallon da ke son kowace shekara a fi bara sauri, duk da hannunsu a bubbuga tiyar, kuma babu wanda ake gwada fitsarinsa a cikinsu. Malaman makaranta sun san irin wannan a gidansu: inda ake auna darajar makaranta da yawan waɗanda suka ci BEPC ko BAC kaɗai, mai gadin jarrabawar da ya ƙi kau da kai yakan zama bare a ɗakin malamai, kamar yadda Bassons ya zama a cikin ayarin mahaya.

Kokowa ma ta bar dandalin ƙauye. Tun 1975, lokacin da aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, takobi ya zama abin alfaharin jaha sukutum. Jahohi takwas, kowace da ƴan kokowa goma, ga rediyo da talabijin, ga doki da miliyoyin sefa, ga gwamnoni da alhazai suna alkawarin kyauta. A ƙauye wanda aka kayar yau yakan rama a kasuwa mai zuwa, a yi dariya a watse. A babban fage kuwa kaye guda na iya zama hasarar shekara, kuma saurayin da jiya yake bin shanun noma ya wayi gari da mutuncin mutane miliyoyi a kafaɗarsa. Wannan ba zargi ba ne ga wani sarkin kokowa, na da ko na yanzu. Abin lura dai shi ne duk sharuɗɗan da suka lalata tseren keke sun hallara: kuɗi mai yawa ga mutum ɗaya, talauci ga saura, da magani mai arha a bakin kasuwa. Masu shirya kokowar gunduma da ƙungiyoyin al'adu suna da abin da hukumar Turai ba ta da shi, wato sun san yaran, sun san iyayensu, sun san wanda idonsa ya canza. Suna kuma da ikon raba kyauta ta yadda wanda ya faɗi a zagaye na biyu ba zai koma gida hannu rabbana ba.

Duk da haka, rabon laifi ga jama'a ba ya wanke wanda ya haɗiya. Da matsi ya isa uzuri, da ba a sami Bassons ba, da kuma ba a sami dattijon nan mai fura da goro ba, wanda ya gwammace a rage masa jinga. Akwai dai bambancin nauyi tsakanin wanda ya sha don yaransa su ci tuwon dare da wanda ya sha, ya tilasta wa na ƙasa da shi su sha, sa'an nan ya kai masu faɗin gaskiya kotu. Adalci ba ya auna su da tiya ɗaya.

A 2013 wasu masu bincike a Faransa suka ba da sanarwar da ta ba duniyar magani mamaki: sun sami tiramol a cikin saiwar tafashiya da aka haƙo a arewacin Kamaru, itacen da masu maganin gargajiya suka daɗe suna ba masu ciwo. Aka yi ta murna cewa ashe daji ya riga kamfani haɗa maganin. Shekara ɗaya bayan haka wasu masu bincike daga Jamus suka koma yankin suka auna saiwoyi da ƙasa da ruwa. Suka tarar manoman wurin suna shan ƙwayar don su jure aiki, suna kuma ba shanun nomansu don su yini suna jan garma cikin rana. Fitsarin mutane da na shanu ne ya jiƙa ƙasa, itatuwan suka tsotsa. Tafashiyar da aka haƙo a kudancin ƙasar, inda ba a ba dabbobi ƙwayar, ba a sami komai a saiwarta ba.